Gwaggo Tafinta da Maganar Gangara

Ƙarfe shida da rabi na safe take shigowa, ta ƙaramar ƙofar bayan asibiti wadda ma'aikata ke bi. Sai ta gaisa da mai gadi, ta tambaye shi ƙafar da ke damunsa, ta wuce ɗakin wanki. A can take rataye mayafinta a ƙusar bayan ƙofa, ta cire takalmin fita ta sa na roba, ta zura shuɗiyar rigar aiki wadda wanki ya koɗar har ta kusa komawa fara. Daga nan ta loda zannuwan gado a keken turawa, ta bi ɗakunan marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya. Keken yana da taya ɗaya mai ƙara da aka kasa gyarawa, don haka tun tana lungu ake sanin ta taho.

A takardar ɗaukar aiki, aikinta ke nan: ta cire zani mai datti, ta shimfiɗa mai tsabta. Amma duk wanda ya taɓa jinya a asibitin nan ya san ba don zani ake jiran ta ba. Tana shimfiɗa tana hira, tana hira tana saurare. Kafin ta gama zagaye ta san wanda ya ci abinci, da wanda ya ɓoye ƙwayar maganinsa a ƙarƙashin matashi, da wadda aka yi wa bayani jiya ta yi ta gyaɗa kai alhali ko kalma ɗaya ba ta kama ba. Ƙarfe takwas, idan likitoci suka fara zagaye, sai ta jingine keken a bango, ta goge hannu a jikin riga, ta bi bayansu da taku biyu. Yawancin likitocin ba sa jin Hausa. Mutanen da take tsayawa dominsu kuma ba sa jin Turanci. Ita ce a tsakani, shi ya sa daga babban likita har mai shara kowa ke ce mata Gwaggo Tafinta.

Shekara talatin da ɗaya ta yi a haka. Ƙarshen watan jiya ta ajiye aiki. An jera kujeru takwas a ɗakin hutun nas-nas, aka dafa shayi, aka miƙa mata agogon bango a kwali, aka tafa. Na je, na tsaya daga bakin ƙofa, na ga abin bai kai ko kusa ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Likitoci suna da wani hali. Idan labari ya yi nauyi, ba sa miƙa shi tsirara, sai sun naɗe shi. Ba mugunta ba ce, su ma mutane ne, suna tsoron fuskar uwa. Sai su ɗauko wata magana irin ta harshensu, mai daji a ciki ko hanya ko kwana, su faɗa a hankali, su wuce gado na gaba. Wanda ya tashi da harshen ya gane. Wanda ya koye shi a aji kuwa sai ya kama kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ya juya su zuwa Hausa, ya fito da abin da ba shi aka ce ba.

Direban motar ɗaukar marasa lafiya ya ba ni labarin wani birkila da ya faɗo daga hawa na biyu. Bayan an yi masa aiki, likita ya fito ya ce wa danginsa, "He is not out of the woods yet." Wani surukinsu mai ɗan guntun Turanci ya juya ya ce, "Wai har yanzu bai fito daga daji ba." Uban birkilan, dattijo mai saurin fushi, ya miƙe tsaye.

"Wane daji? Yaron nan daga bene ya faɗo, a tsakiyar gari, a gaban jama'a! Ko dai likitan nan wani ya duba ba nawa ba?"

Direba ya ce har an fara haɗa kaya za a ɗauke maras lafiyar a sake asibiti, tunda a nan ba su ma san abin da ya same shi ba. Sai ga ƙarar keke. Gwaggo ta ji kan zancen, ta ce, "Baba, zauna. Ba dajin itatuwa yake nufi ba. Cewa yake aiki ya yi kyau, amma haɗari bai wuce ba tukuna. Kada ku yi kuka, kada kuma ku watse." Dattijon ya zauna yana ƙunƙuni, ya ce, "To ya faɗi haka mana, sai ya kai mu daji?" Birkilan nan yana raye, da sanda yake tafiya, amma yana tafiya.

Irin wannan ana ba da shi a yi dariya. Nawa labarin ba na dariya ba ne, kuma na daɗe ina jin kunyar bayar da shi.

Ni malamin makaranta ne, Turanci nake koyarwa a sakandare. Shekara tara da suka wuce aka kwantar da mahaifinmu a ɗakin maza, gado na kusa da taga, da ciwon hanta. Baba kafinta ne, ya shekara hamsin da zarto a hannu. Ranar farko Gwaggo ta zo canza zani, ta gaishe da Inna, ta ce idan likita ya zo muna bukatar mai fassara, tana kusa. Na yi murmushi irin na mai ji da kansa.

"Gwaggo, ki bar shi. Da Turancin nan nake ci nake sha."

Ta ce, "To madalla, Malam. Allah ya ba da lafiya." Ta tura kekenta ta wuce, ba ta sake tayawa ba.

Akwai wani abu a gidanmu da ya kamata mai karatu ya sani. Wana, babban ɗan Baba, shekara shida ba su yi magana da Baba ba. Baba ya so ya gaje shi a shago, shi kuwa ya ce ba zai ƙare rayuwarsa cikin garin katako ba. Magana ta yi zafi, kowa ya faɗi abin da bai kamata ba, Baba ya ce kada ya sake taka masa ƙofa. Wana ya tafi wani gari mai nisan tafiyar kwana biyu, ya samu aiki, ya yi aure a can. Da aka kwantar da Baba na yi ta kiransa a waya, har ya sauko. Ya ce mini, "Idan abin ya yi tsanani, ka faɗa mini in taho ko me zai faru. Idan kuwa yana samun sauƙi, bari ya ƙara ƙarfi tukuna, kada ganin fuskata ya tayar masa da ciwo." Muka tsaya a kan haka. Duk abin da likita ya ce, ni zan sanar da shi.

Ranar Talata ta sati na uku Baba ya tashi da wani irin kuzari. Ya sha shayi rabin kofi, ya ƙwanƙwasa ɗan teburin gefen gadonsa ya ce wanda ya haɗa shi bai san aiki ba, ƙusa ya buga inda ya kamata ya sa gam. Inna ta yi dariya, rabonta da dariya tun ranar da muka zo. Ƙarfe takwas da wani abu likita ya iso, dogon mutum mai magana ƙasa-ƙasa. Ya duba idon Baba, ya latsa cikinsa, ya daɗe yana kallon takardun gwaji. Sannan ya ja ni gefe ya ce, "He is going downhill. We will keep him comfortable."

Na san kowace kalma. Tudu, gangarowa, jin daɗi. Na haɗa su da kofin shayin da na ga Baba ya sha, sai zuciyata ta ba ni abin da nake so in ji. Na koma wurin Inna da fara'a.

"Inna, likita ya ce an gama hawan tudu, yanzu gangara ya kama. Kuma za su kula da shi ya ji daɗi."

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala, hawaye na zuba. Na fita baranda na kira wana, na ce masa babu gaggawa, ya bari sai wata mai zuwa. Na ji ajiyar zuciyarsa ta cikin waya.

Duk abin nan Gwaggo tana gado na gaba tana cusa bakin zani a ƙarƙashin katifa. Ta ji likita, ta ji ni. Ba ta ce uffan a gaban Inna ba. Sai da na dawo daga baranda ta tare ni a lungu.

"Malam, don Allah taimaka ka kama mini wasu zannuwa, sun yi mini nauyi."

Na bi ta ɗakin wanki. Har yau idan na ji ƙanshin sabulu da zafin dutsen guga a haɗe, sai in tuna ranar nan. Babu wasu zannuwa. Ta rufe ƙofa, ta jawo wata 'yar kujerar roba ta ce in zauna. Na zauna ina mamaki.

"Da likita yake faɗa maka maganar nan, ina yake kallo?"

Na ce, "Takardar hannunsa."

"Ya ƙara magani ko ya rage?"

Na ce, "Ya ce a cire ƙarin ruwan nan na biyu. Ya ce a daina ɗibar jini."

Ta gyaɗa kai. "Malam, a bakinsu gangara iri biyu ce. Akwai ta mai keke da ya gama hawan tudu, ya saki feda yana hutawa. Akwai kuma ta abin da ya kuɓuce daga hannu, yana tafiya ƙasa ba mai tare shi. Idan likita ya faɗe ta a kan maras lafiya, ta biyun yake nufi. Jin daɗin da ya ce kuma, yana nufin sun daina yaƙi da ciwon. Za su hana shi jin zafi ne kawai."

Raina ya ɓaci. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zo mini shi ne, mai wankin zani ce za ta gyara mini Turanci? Na ce, "Gwaggo, shekara ashirin ina koyar da harshen nan."

"Na sani, Malam. Ka fi ni saninsa nesa ba kusa ba, ni ko wasiƙa ba na iya rubutawa da shi. Amma kai a littafi ka same shi, ni a bakin gado na same shi. Kada ka yarda da ni. Tashi mu je mu same shi, kai za ka yi tambayar da bakinka. Kada ka ce masa yaya jikin Baba. Ka ce masa kwana nawa."

Muka samu likitan a ofishinsa yana rubutu. Na yi tambayar kamar yadda ta ce. Ya ajiye biro, ya dube ni, wannan karon a ido. Ya ce kwana uku, wataƙila biyar. Ya ce ya ɗauka na gane tun ɗazu, ya ba da haƙuri.

Ban san yadda na fito ba. Na tsinci kaina a tsaye a lungu, na jingina da bango, ina kallon ƙofar ɗakin da Inna take zaune tana murna da ƙaryar da na kai mata. Na ce, "Gwaggo, ba zan iya ba. Da bakina na ce mata ya warke."

Ta ce, "Fara kiran yayanka. Shi hanya ce a gabansa, kowace awa tana da amfani. Hajiya kuma ka bar ni da ita, amma ka tsaya a kusa."

Na kira wana. Bai tambaye ni yadda aka yi magana ta juya cikin rabin awa ba, ya ce kawai, "Ga ni nan." Sannan muka shiga. Baba ya yi barci. Gwaggo ta kira Inna zuwa baranda, ta zaunar da ita a benci, ita kuma ta durƙusa a gabanta ta riƙe hannuwanta biyu.

"Hajiya, ɗanki ya ji daidai, kalmomin da aka faɗa ya kawo miki. Turancin ne mai fuska biyu, mun koma mun tambaya. Jikin maigida ya yi nisa. Likita yana ganin kwanaki ne suka rage, ba makonni ba. Sani na Allah ne, amma abin da suka gani ke nan."

Ka ji yadda ta rufa mini asiri. Ba ta ce na yi kuskure ba, ta ɗora laifin a kan harshe.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta ce, "Tun shekaranjiya na ga ƙafafunsa. Na ga na mahaifina haka. Na dai so in yarda da yaron nan ne." Ta goge fuska da gefen mayafi, ta tashi ta koma ta zauna kusa da mijinta, ta ɗora hannu a kan nasa.

Wana ya iso ranar Alhamis da la'asar, da ƙurar hanya a jikinsa. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya kasa shiga. Gwaggo ce ta zo wucewa, ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Kai ne babban? Shiga, yanzu yana farke. Kada ka jira sai ka shirya abin faɗi."

Ya shiga ya durƙusa a gefen gado. Baba ya buɗe ido, ya daɗe yana kallonsa. Sai ya lalubo hannunsa, ya juya tafin, ya shafa da babban yatsa kamar yadda yake shafa katako ya ji ko ya yi sumul.

"Hannun nan ya manta aiki," in ji Baba.

Wana ya fashe da kuka. "Baba, ka yafe mini."

"Na yafe tun kana bakin titi ranar da ka fita. Girman kai ne ya hana ni aikawa. An ce kana da 'ya?"

"Biyu, Baba."

"Akwai wata 'yar kujera a shago, bayan ƙofa, na rufe ta da buhu. Ta babbar ce. Ƙaramar ban san da ita ba."

Ranar Asabar da hantsi Baba ya cika, Inna na gefe ɗaya, mu biyu muna ɗaya gefen. Da maganata aka bi, da wana yana can yana jiran wata mai zuwa.

Gwaggo, ke ce kika ba mu wannan Alhamis ɗin. Ba ki ƙara wa Baba ko awa ɗaya a kan kwanansa ba, wannan ba a hannunki yake ba. Amma kwanakin da suka rage masa, ke kika hana su zubewa a banza. Ke ce mai faɗin gaskiya a durƙushe. Kin ga mutum ya raina ki, kin kuma ga ranar da zai ji kunya ta zo, sai kika ja shi ɗakin wanki kika rufe ƙofa.

Bayan wata biyu na koma in yi mata godiya. Na kai mata turmin atamfa, ta ƙi karɓa, ta ce in kai wa Inna. Ina fitowa shugabar nas-nas ta ɗakin, wadda ta riga Gwaggo fara aiki a asibitin, ta tsayar da ni. Ta ce, "Malam, ka san abin da ya kawo ta nan?" Na ce a'a. Ta ba ni labari a tsaye, a gefen tagar da ake karɓar magani.

Shekara guda kafin ta fara aiki, Gwaggo ta kawo 'yarta ta fari asibitin, yarinya 'yar shekara huɗu, da zazzaɓi mai zafi. A lokacin ko gaisuwar Turanci ba ta iya ba. Kwana biyu suna ɗakin yara. A rana ta uku da safe aka aike ta karɓo magani a wancan ginin, layi ya yi tsawo. Da ta dawo, gado babu kowa, sai takalman yarinyar a ƙasa. Wani matashin likita ya zo ya tsaya a gabanta, ya kasa kallonta, ya ce, "I am sorry, we lost her." Wata mai jinya a gado na kusa, mai ɗan jin Turanci sama-sama, ta ce mata, "Wai sun ɓatar da ita."

Gwaggo ta ɗauki takalman ta fita da gudu. Ta duba banɗaki, ta leƙa ƙarƙashin gadaje, ta shiga ɗakin mata, ta shiga ɗakin maza, ta fita wurin ajiye motoci tana kiran yarinyar. Ta riƙe mai gadi tana tambayarsa ko ya ga wata 'yar yarinya mai jar riga, ba takalmi. Shugabar nas-nas ta ce, "Ina nan ranar, sabuwar nas ce ni. Mun san abin da ya faru. Wasu ba su da harshen da za su faɗa mata, mu da muke da shi kuma muka rasa ƙarfin hali, kowa yana jiran wani ya faɗa. Kusan awa biyu tana nema." A ƙarshe wata tsohuwa mai shara ce ta ajiye tsintsiya, ta kama hannunta, ta zaunar da ita a matakala, ta faɗa mata da Hausa.

Da shekara ta zagayo, ta dawo neman aiki, kowane iri. Aka ba ta wanki. Karatunta bai wuce aji huɗu na firamare ba. Da kunne ta koyi Turanci, tana tare nas-nas a lungu tana tambaya: da ya ce kaza, me yake nufi? To da ya ce kaza fa? Wasu likitocin sun ji haushinta da farko, don takan tsayar da su a tsakiyar magana ta ce su sake faɗi a fili. Akwai wanda ya kai ƙararta ofis, ya ce mai wanki tana shiga aikin da ba nata ba. Bayan 'yan shekaru shi da kansa yake aikawa a nemo ta kafin ya shiga wurin dangin maras lafiya.

Sau ɗaya tak na taɓa yi mata zancen yarinyar, bayan mun saba. Ta ci gaba da ninke zanin da ke hannunta, ta ce, "Mutuwar ba laifin kowa ba ce, Malam, kwananta ne ya ƙare. Amma awa biyun nan da na yi ina leƙen ƙarƙashin gadaje, ita kuma tana kwance ita kaɗai a wani ɗaki, su ne har yau ban gama haɗiyewa ba."

Ba tsufa ne ya sa ta ajiye aiki ba. Tun farkon shekarar nan abokan aikinta suka ga tana ramewa, tana tsayawa ta huta a tsakiyar lungu. Da ƙyar aka shawo kanta ta yi gwaji. Ranar da sakamako ya fito, 'ya'yanta biyu maza suka raka ta. Likitan da ya duba Baba shi ne ya duba ta, yanzu kansa ya yi fari. Babban ɗanta ya faɗa mini yadda aka yi. Ya ce likitan ya yi ta juya takarda, ya fara magana a kan doguwar hanya da ke gaba, da yadda za a bi ta taki-taki. Gwaggo ta ɗaga hannu ta tsayar da shi.

"Likita, yau ba ni da tafinta. Faɗi kai tsaye."

Ya cire tabarau, ya faɗa mata sunan ciwon, da inda ya kai, da abin da magani zai iya da wanda ba zai iya ba. Ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya. Sannan ta juya wurin 'ya'yanta, waɗanda suke tsaye a bayanta, ta ce su jawo kujeru su zauna. Ta fassara musu da kanta, ba ta rage komai ba. Ɗan ya ce mini, "Malam, mu muke kuka, ita tana ba mu haƙuri, kamar labarin wata take ba mu."

Yanzu tana gida, tana karɓar magani. Wata rana jiki ya yi daɗi, wata rana ya ƙi. Na je gaishe ta makon jiya, na same ta a tsakar gida a kan tabarma, ta jingina da matashi. Ban daɗe da zama ba wata maƙwabciya ta yi sallama da takardar asibiti a hannu, mijinta aka sallamo, ba su gane abin da aka ce musu ba. Gwaggo ta sa jikarta ta karanta mata a hankali, ta yi wa matar tambaya uku, sannan ta yi mata bayani. Ɗanta ya ce kusan kullum haka ne, sun hana, sun gaji.

Gwaggo, na gode. Inna ta ce in gaishe ki, ta ce ba ta taɓa yin sallah ta manta da ke ba. Wana ya ce in faɗa miki babbar 'yarsa ta ce aikin jinya za ta koya idan ta girma. Akwai ɗaruruwan gidaje da ba su san inda kike ba balle su zo, na ari bakinsu na ce an gode. Allah ya sassauta miki, ya saka miki da abin da mu ba za mu iya ba.

Ku kuma masu karatu, musamman irina da muke taƙama da harshe biyu, ga abin da nake roƙo. Idan aka sa ka a tsakanin mai magana da mai saurare, ka san amana aka ba ka. Idan ka ji maganar da ba ka saba ji ba, kada ka yi mata ado da abin da kake fata, ka koma ka ce, me kake nufi? Ba a mutuwa don an ce ban gane ba. Ku likitoci, idan kun ga wanda ke gabanku yana murmushi a inda ya kamata ya yi shiru, ku san bai ji ku ba, ku sake faɗi. Masu riƙe da asibitoci kuma, aikin da matar nan ta yi shekara talatin da ɗaya a matsayin mai wanki, aiki ne mai zaman kansa. Ku ba shi suna, ku ɗauki mutane dominsa, ku tura su wurinta su koya tun tana da ƙarfin koyarwa.

Da zan tafi na faɗa mata ina rubutu a kanta. Ta yi dariya har tari ya kama ta, jikarta ta miƙo mata ruwa. Da ta sha ta ce, "Rubutu kuma, a kan mai wanki? To ka ji, Malam. Kada ka rubuta shi kamar na mutu. Ka rubuta ina nan. Duk wanda aka faɗa wa maganar da ta shige masa duhu, ya zo, ƙofa a buɗe take."

To ga shi na rubuta, Gwaggo. Tana nan.